Yaya Ce, Inna Na Gida

Masu cewa na cika taurin kai, na ji ku, ban kuma ce kun yi mini ƙarya ba. Amma kafin ku gama yanke mini hukunci, ku matso in ba ku labarin yadda na ɗauko yaro ɗan shekara uku daga Mahuta na nufi Sudan da shi a bayan motar katako, sannan ku gaya mini in ku ne yaya za ku yi.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Asma'u, a gida Ma'u ake ce mini. Mijina na fari ya rasu ina da tsohon ciki, zazzaɓi ne ya kayar da shi ana tsakiyar cirar auduga. Da na sauka aka sami namiji, aka mayar masa da sunan ubansa, ana kiransa Audi kamar yadda ake kiran duk yaron da bai tarar da uba ba. To ku duba mini wannan ɗauri: ɗan fari ne, ga shi kuma mai sunan mijina. A garinmu mace mai kunya ba ta kama sunan miji, ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ko Audin ma ban taɓa faɗa ba. "Yaron nan" nake cewa, in ya dame ni in ce "kai".

Ranar yaye uwar mijina, Inna Tsohuwa, ta zo ta goya shi ta tafi da shi gidanta, ina tsakar gida ina tankaɗe kamar ba nawa aka ɗauka ba. Mata suka yi ta yabona wai na iya alkunya. Na shiga ɗaki na cusa kaina cikin matashi na yi kuka har ya ishe ni. Tun daga ranar ita ce Innarsa, ni kuwa Yaya yake ce mini.

Ana nan, bayan samun 'yancin kai da 'yan shekaru, sai ga Sanda ya dawo ganin gida. Ɗan unguwarmu ne, tun yana saurayi ya bi kawunsa hanyar gabas, suka maƙale a Madani ta ƙasar Sudan, ya kama noman audugar ban-ruwa, Allah kuma ya dafa masa. Wayyo, ku zo ku ga Sanda a wannan shekarar! Farar jallabiya mai faɗin hannu, rawani naɗin can, ga wani turare da in ya wuce ta bayan danga sai matan aure sun leƙo. Ni ma na leƙa, ba zan ɓoye muku ba. Da ya aiko yana neman aurena sai da na zubar da rabin tsakin da nake bakace.

A zauren gidanmu muke zance bayan la'asar. Ranar da maganar tafiya ta taso na sha kwalli, na ɗaura atamfata shuɗiya mai zanen ganye, na yafa farin gyale, na zauna nesa da shi ina wasa da bakin tabarma.

Ya ce, "Ma'u, hanyar nan na san ta ciki da bai. Mutum kan buhu, buhu kan mutum. Daga Funtua sai Kano, sai Maiduguri, a ƙetare ruwa a Fallomi, a shiga rairayin Cadi. Babba ma yana jin jiki, balle yaro."

"Malam, ka taɓa ganin yara a hanyar?"

"Na gani mana."

"Su da ƙarfe aka ƙera su?"

Ya yi dariya yana shafa gemu. "Ki bar shi wurin kakarsa. In mun zauna da gindinmu sai mu aiko a kawo shi."

"Kai da ka tafi ba ko gashin baki ka dawo da gemu? In da shi ne, na amince. In babu shi, ka duba gaba, 'yan mata sun cika Mahuta."

Bakina ne ya faɗa, amma wallahi ina son mutumin nan. Ya ce, "To, da shi. Amma ni ba zan iya tunkarar tsohuwar nan ba."

Kafin magariba zance ya zaga gida. Baba ya kira ni turakarsa, yayarsa Gwaggo Rabi'atu na zaune a gefe tana jan carbi. Ita ma a motar za ta bi, daga Sudan ta wuce aikin Hajji, shi ya sa tun kafin ta ga Makka ta fara yi mana wa'azi.

Baba ya ce, "Ma'u, mi nake ji haka? Yaro yana hannun kakarsa lafiya lau, ki ce sai kin kwashe shi zuwa uwa duniya?"

Gwaggo ta karɓe. "Rashin ta-ido ne, Malam. A danginmu wa ta taɓa buɗe baki ta ce ɗana a kan ɗan fari? Ni nawa sai da ya yi aure sannan ya san ni na haife shi."

A zuciyata na ce, shi ya sa ko da Salla ba ya leƙo ki. A fili kuwa na ce, "Baba, ka yi mini aikin gafara. Ko dai in tafi da shi, ko in zauna a gidan nan har in tsufa ina yi maka tuwo."

Baba ya san halina, tunda a wurinsa na gada. Ya kaɗa kai ya ce in Inna Tsohuwa ta sake shi da hannunta, shi ba ruwansa.

Da hantsi na same ta a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, Audi na kwance a cinyarta yana wasa da kunnenta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba.

"Inna, roƙo na zo."

"Tun ba ki taso ba na ji abin da ya kawo ki. Ɗiyar nan, shi kaɗai ya rage mani a duniya."

"Ni ma shi kaɗai ya rage mini, Inna."

"To kira shi. In ya zo ki ɗauka."

Na buɗe baki, harshena ya ƙi motsi. Da ƙyar na ce, "Kai, zo nan." Ya dube ni sama da ƙasa, ya ƙara shigewa jikinta. Ta yi 'yar dariyar da babu daɗi a cikinta, ta ci gaba da murza mazarinta. Nan raina ya ɓaci, na faɗi abin da suruka ba ta faɗa.

"Inna, babansa ɗan farinki ne. Ranar da zai cika ina zaune a gefensa, ke kina bakin ƙofa, kunya ta hana ki shiga. Ƙofar nan ya yi ta kallo. Ya tafi bai taɓa jin sunansa a bakinki ba. Ni ba zan ƙare da irin wannan kunyar ba."

Mazarin ya tsaya cak. Ta ce, "Tashi ki fita mani daga gida."

Na san maganar ta yi zafi, amma ban janye ta ba, har yau kuma ban janye ba. Mako bai zagayo ba sai ga ta da sassafe, goye da shi, da ɗan ƙunshi a hannu. Ta sauke shi a tsakar gidanmu, ko kallon inda nake ba ta yi ba, Gwaggo ta fuskanta.

"Ba ya shan kunu sai da tsamiya, ga ta nan na ƙulle. Ba ya barci sai ya riƙe kunnen mutum. Kar a tsawata mashi in yana cin abinci, ƙwarewa yake yi."

Ta juya ta fita da sauri, zanen goyon na hannunta yana jan ƙasa. Na so in bi ta in rungume ta, amma na tsaya ina kallonta har ta ɓace.

Aka ɗaura aure ba wani taro. Aka yi mana allurar tafiya, Sanda ya je ya yo fasfo, aka rubuta yaron a cikin nawa. Na haɗa guzuri kamar mai ƙaura da gari guda: garin kunu, ƙuli-ƙuli, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, 'yar tukunya, buta, da tsofaffin zannuwa na tsumma saboda yaro. Da aka rufe kasuwar auduga muka hau mota a tashar Funtua, mata a gaba kusa da kan mota, maza a baya, salkunan ruwa na reto a jikin katako.

Tun ba mu fita gari ba Gwaggo ta janye yaron ta ɗora a cinyarta, wai kar 'yan garinmu da ke motar su ga ina rungume da ɗan fari. Na ƙyale ta har Kano. Da aka tsaya salla na ɗauke abina na goya, na ɗaure da majanyi tamau. Ta mintsine ni a cinya, na yi kamar sauro ne.

Duk wadda ta ce muku tafiya da ƙaramin yaro daɗi gare ta, ku ce ta zo ta same ni. Daga Kano har Maiduguri kuka ɗaya yake yi: "Inna! A kai ni wurin Inna!" Fasinjoji suka fara tsaki, wani ya ce a rarrashi yaron nan ko a sauke shi. Na ce masa ya sauka shi, ai ya fi yaron nauyi. Yaron ya yi amai a kan buzun wani malami, na wanke buzun ina ba da haƙuri, malamin na ta karanto mini abin da ban gane ba. In barci ya zo masa sai ya miƙa hannu yana lalube, in kawo kunnena kusa, da ya taɓa ya ji ba na Inna ba ne sai ya ture ni ya ɓarke da sabon kuka. Wannan turewar ta fi mini komai ciwo a hanyar nan.

A jirgin fito na Fallomi ne ya fara yin shiru. Ya hango dorina ta ɗago kai, ya ja gyalena ya ce, "Yaya, ga saniya a ruwa!" Na yi dariya har da hawaye, don ranar ce ya fara nuna mini wani abu don kansa.

Rairayin Cadi kuwa ba a magana. Mota ta kafe, maza su sauka su tura, mu mata mu taka a ƙasa, rairayi na gasa ƙafa, shi yana bayana. Ruwa da gwangwani ake rabawa, nawa shi nake ba, in jiƙa leɓena da sauran. Gudawa ta kama shi, ya rame, idanunsa suka faɗa, Gwaggo ta sami abin faɗi: "Ai na gaya maki." Na dama masa kunun tsamiya a murhun duwatsu, na yi ta ɗura masa kaɗan-kaɗan har cikin ya tsaya. Sanda kuwa, in faɗi gaskiya, ya yi abin a yaba. Duk inda aka yada zango sai ya saɓa shi a wuya yana nuna masa raƙuma, har yaron ya fara ja masa rawani.

Da muka doshi kan iyakar Sudan Sanda ya gaya mini an tsananta bincike a kan yara, saboda wasu marasa tsoron Allah da ke ɗauko 'ya'yan mutane su ɓatar da su a hanya. Na ce ina ruwana, ni da nawa na zo.

Wani ɗan shinge ne da ofis na jar ƙasa da bishiya guda. Aka sauke mu aka jera a rana. Sojan da ke tsaron wurin, wanda a can suke kira askar, dogo ne, baƙi, cikin kaki, Larabci kawai yake yi. A gefensa akwai tafinta, wani dattijon Bahaushe mai suna Shitu da ya daɗe a can. Da layi ya zo kaina askar ya buɗe fasfona, ya dubi yaron da ke riƙe da zanena, ya sa tafin hannu ya rufe shafin, ya yi magana.

Shitu ya ce, "Ya ce mene ne sunan yaron, na yanka."

Jama'a, 'yan Mahuta na bayana a jere, idon Gwaggo na kan ƙeyata, sabon mijina na gefe. Ban san lokacin da kaina ya sunkuya ba, hannuna ya ja gyale ya rufe bakina. Jikina ne ya yi abin da aka koya masa tun ina 'yar mitsitsiya.

Sanda ya matso yana Larabci, askar ya daka masa tsawa, ya ja da baya.

Shitu ya rage murya. "Baiwar Allah, faɗi mana. Mutumin nan bai san kunyar Hausa ba, gani zai yi ba ki san sunan ba."

Na buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Askar ya tsuguna a gaban yaron, ya ciro dabino a aljihu ya ba shi, ya nuna ni da yatsa. Shitu ya fassara, muryarsa a sanyaye.

"Yaro, wace ce wannan?"

"Yaya ce."

"Ina uwarka?"

Ya juya ya nuna hanyar da muka fito. "Inna na gida."

Askar ya miƙe, ya zura fasfona a aljihu, ya kama hannun yaron ya nufi ofis da shi. Gwaggo ta nuna ni tana cewa, "Ɗanta ne, wallahi ɗanta ne," ba wanda ya saurare ta. Yaron ya yi taku kaɗan yana tsotsar dabino, sai ya waiwayo ya ga ban biyo ba, ya taɓe baki zai yi kuka. Na tsaya ina tankaɗe an tafi da shi sau ɗaya, ba za a yi na biyu ba.

"Aƙilu!"

Ni kaina ban san ina da irin wannan muryar ba. Na yar da gyalen na bi su da gudu.

"Sunansa Aƙilu! Aƙilu ɗan Aƙilu! Ni na haife shi, ni na yi naƙudarsa, ni na ba shi nono! Ɗana ne! Ku buɗe takardar ku gani in ƙarya nake yi!"

Matan garinmu suka ɗauki salati. Gwaggo ta toshe kunnuwa kamar ta ji saɓo. Ni kuwa na fizge hannunsa na ɗauke shi na ƙanƙame, na tsaya ina kallon askar ido cikin ido, in zai harbe ni ya harbe.

Ya ciro fasfon ya duba, suka yi magana da Shitu. Shitu ya ce suna ya yi daidai, amma askar ya ce suna kowa na iya haddacewa, kuma yaro da bakinsa ya ce ba uwarsa ba ce. Sai babbansu ya dawo daga rangadi ya yanke magana. Mota na iya wucewa, ni da yaro muna nan.

Direba ya ce shi ba zai iya jira ba, ruwan shan mutane ya kusa ƙarewa. Fasinjoji suka fara hawa. Ina kallo Sanda ya kama katako ya haye mota bai ce mini uffan ba. Na ce a raina, shi ke nan, Ma'u, ga ƙarshen turare da jallabiya. Na kawar da kai don kar ya ga idona. Sai na ji tim a ƙasa. Akwatinsa ne na ƙarfe, sai ƙunshina, sai tukunyata, sannan shi ya diro yana kakkaɓe hannu.

"Me kike kallo? Ba da shi muka yi ba?"

Mota ta tashi. Ta ɗan yi gaba sai ga wani abu ya faɗo daga wajen mata. Ƙullin tsamiyar nan ne. Gwaggo ba ta waiwayo ba, amma na gane hannunta.

Muka zauna a gindin bishiyar, Sanda ya tafi neman ruwa wurin Shitu. Yaron na kwance a ƙirjina, duk ya yi laushi, dabinon na dunƙule a hannunsa.

"Yaya, wa kika kira ɗazu?"

"Kai na kira."

"Ni Audi ne."

"Audi ne kai, kuma Aƙilu ne kai. Sunan babanka ne. Inna ita ta haifi babanka, ni kuma na haife ka."

Ban ma san ko ya gane ba. Can na ji ɗan hannunsa yana hawa wuyana yana lalube, ya kama kunnena, ya murza, ya tsaya. Na ƙi ko numfashin kirki don kar ya saki.

Daga nesa ƙugin wata ƙaramar mota ya taso, askar ya fito da sauri yana gyara hula, Shitu ya ɗaga mini hannu alamar babban nasu ne ya iso. Ko me zai tambaya ya zo ya tambaya.

Yaron ya ɗago ido, barci na fizgarsa. "Sake faɗi."

Na gyara zama, na ɗaga murya yadda har na cikin ofis zai ji, na sake faɗi.